Gidan attajiri ma tarihi ne

Jiya da la'asar na bi ta lungun nan na bayan Kurmi, na tarar masu diga sun gama aikinsu. Wani tsohon gidan attajiri na ƙasa ne magada suka sa aka rushe don a gina shaguna, tun makon jiya ake yawo da hotonsa. Soron da aka yi shekaru ana sauke goro a ƙofarsa yau ya koma tarin ƙasa, yara suna jan azara za su kai gida a hura wuta. Azara fa, jama'a! Itacen giginyar da gara ta kasa ci, shi muka mai da makamashi. Wallahi raina ya ɓaci.

Matsalarmu ɗaya ce a Kano. In aka ce tarihi, sai hankalinmu ya tafi Gidan Rumfa da Gidan Makama da ganuwa, shi ke nan. To wa ya cika kasuwar Kurmi da kaya tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya hau mulki a 1463? Fatake ne. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, masu kora jakuna watanni har Gwanja su dawo da goro. Kuɗin da suka samo a jikin bango suka zuba shi, gidan attajiri ma tarihi ne.

Wanda ya taɓa shiga irin gidan ya sani. Ka shiga soro, nan maigida ke zama da baƙinsa, nan ake ciniki, nan ake sa albarka. Ka wuce shigifa, daga nan baƙo ba ya ƙara taku. Ɗakunan saukar fatake daban, ɗakin ajiyar kaya daban, cikin gida can ƙurya inda idon kowa ba ya kai wa. Ka ɗaga kai ka ga bakan gizo, azara kan azara, an lanƙwasa rufi babu ƙarfe babu siminti. Bangon tubali mai kauri, ana zafin bazara kai kana ciki kamar bakin randa. A waje kuma ga zankwaye a kusurwa, ga zanen dagi a saman ƙofa, mai wucewa ya san nan gidan mai hali ne.

Na ga masu cewa ai gado ne, haƙƙin magada ne. Babu wanda ya yi musu. Amma mutanen da suka iya haɗa kuɗin gina shaguna hawa uku, soro ɗaya ne zai gagare su bari a tsaye? Wasu kuma sun ce gidan ƙasa ne, ko an bar shi damina za ta kayar. Ku bar wannan magana. Gidan ƙasa yaɓe yake so da gyaran indararo kafin ruwa ya sauka, in ya faɗi to sakaci ne ya kayar da shi. Ku je Agadas ku gani, da irin wannan ƙasar aka gina tsohon garinsu, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2013.

Kullum muna alfahari da Alhassan Ɗantata da dalar gyaɗa, muna kiran garinmu cibiyar kasuwanci. Dalar gyaɗar babu ita. Yanzu gidajen 'yan kasuwar ma muna bin su ɗaya bayan ɗaya a Koki da Alfindiki da Dandalin Turawa. Gidan attajiri tarihi ne, ko an liƙa masa allo ko ba a liƙa ba.

Af, na tsinci ɓallin laso, wato simintin gargajiya da ake shafe gini da shi, a wurin, har yanzu tauri gare shi kamar dutse. Da katsin marina, wato abin da ke kwantawa a ƙasan rijiyar rini, da gashin jima da tsiron dafara ake haɗa shi. Karofin Ƙofar Mata kuwa da yawan rijiyoyinsa sun bushe, ina za a samo katsin? In akwai wanda ya san tsohon maginin da har yanzu yake iya kwaɓa laso, don Allah ya yi mini magana, ina so in je in gaishe shi.