Ɗan-Fafa da Giyar Attarugu

Ɗan-Fafa da taubashinsa Na-Rowa sun shiga wani ɗan gidan haɗa giya, irin wanda mutum ɗaya ke dafa 'yar kaɗan da hannunsa. Ɗan-Fafa ya zo nuna sani. Na-Rowa kuwa allon ƙofa ne ya jawo shi, an rubuta: ɗanɗano kyauta.

MAI-TUKUNYA: Sannunku da zuwa. Yau na sauke sabuwa. Mai tsami ce, da mangwaro da attarugu, kuma na cire mata abin da ke sa maye.

NA-ROWA: Tsaya, malam. Ta yi tsami, ka zuba mata yaji, sannan ba ta bugarwa. To me ya rage? Ka dai ce ta lalace, kana neman wanda zai taya ka zubarwa.

ƊAN-FAFA: Taubashi, rufe baki kada ka ba mu kunya. Da gangan ake yin tsamin nan. A Jamus na saba da irinta, Berliner Weisse ake ce mata.

NA-ROWA: Yaushe ka je Jamus?

ƊAN-FAFA: Wanda ya je ne ya ba ni labari, amma dalla-dalla ya ba ni.

MAI-TUKUNYA: Ai bai yi ƙarya duka ba. Ruwan sha'ir nake bari kwana biyu da ɗumi, in zuba masa ƙwayoyin Lactobacillus, waɗanda ke mai da madara yogot. Su ke kawo tsamin. In ya yi yadda nake so sai in tafasa su mutu, yis ya karɓi aiki. Mangwaro da attarugu daga baya suke shiga.

NA-ROWA: Su yi maka aikin kwana biyu, ladansu ka dafa su. Amma ni ake ce wa marowaci.

Aka ajiye musu ƙananan kofuna biyu. Abin ciki ruwan ɗorawa ne, da ɗan duhu-duhu kamar an kaɗa shi, 'yar kumfar da ke sama ta ɓace tun kafin a ɗauka. Ɗan-Fafa ya ɗaga nasa wajen haske, ya juya, ya shinshina, ya lumshe ido.

ƊAN-FAFA: Mangwaro nunanne. Da alama an tsinke shi da hantsi.

MAI-TUKUNYA: Na gwangwani ne. Ka sha a hankali fa, attarugun habanero na sa. A ma'aunin zafin yaji na Scoville yana tsakanin 100,000 da 350,000. Jalapeno da wasu ke kuka da shi da ƙyar yake wuce 8,000.

ƊAN-FAFA: Scoville? Ai mutumina ne.

MAI-TUKUNYA: A 1912 ya ƙirƙiro ma'aunin, a Amurka.

ƊAN-FAFA: Jikansa nake nufi.

Ya kafa kai, ya shanye tas, ya dire kofi.

ƊAN-FAFA: Ina yajin? Wannan ai lemon yara ne. Ƙaro!

Aka ƙaro, ya sake shanyewa. Shi fa yajin irin wannan abin sha mai haƙuri ne. Tsami ne ke fara gaisuwa, zaƙin mangwaro ya biyo baya, shi kuwa attarugu yana can ƙasan maƙogwaro yana jiran kowa ya gama. Na-Rowa na gefe, yana tsoma leɓe yana lasa, don kofin ya daɗe.

NA-ROWA: Wallahi ba laifi. Tana kama gefen harshe, miyau sai tsinkewa yake. Taubashi, me ya sami kunnenka? Ya yi ja.

ƊAN-FAFA: Wa ya kashe fanka?

MAI-TUKUNYA: Ba mu da fanka.

ƊAN-FAFA: Malam, ka ce ba ta sa maye. Ga shi ina ganin Na-Rowa biyu, alhali ɗaya ma ya ishi duniya.

NA-ROWA: Hawaye ne.

ƊAN-FAFA: Ba hawaye ba ne, idona ne ke gumi. Ruwa! A taimaka da ruwa!

MAI-TUKUNYA: Ruwa ba zai yi ba. Sinadarin yajin, capsaicin, ba ya narkewa a ruwa, sai dai ruwan ya zaga da shi duk baki. Kuma ba ƙonewa ka yi ba. Jijiyar da ke jin zafin abin da ya wuce digiri 43 yake taɓawa, sai harshe ya yi tsammanin wuta ce.

ƊAN-FAFA: Da a Jamus ne, da tuni an kama ka!

MAI-TUKUNYA: Da a 1516 ne, wataƙila. Dokar giya ta yankin Bavaria a lokacin ta ce ruwa, sha'ir da furen hops kawai.

ƊAN-FAFA: Doka mai albarka. A dawo da ita yau ɗin nan.

MAI-TUKUNYA: Madara ce maganinka, ita ke kwashe shi daga harshe. Akwai mai sanyi a firji.

NA-ROWA: Ita ma kyauta ce?

MAI-TUKUNYA: A'a, ita biya ake yi.

Ɗan-Fafa ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, sannan ya juyo ya kalli taubashinsa, harshe a waje.

ƊAN-FAFA: Ɗan'uwa rabin jiki...

NA-ROWA: Ka ji dai da kunnenka, ya ce ba ƙonewa ka yi ba, tsammani ne. Ni ban taɓa fitar da kuɗina a kan tsammani ba.

ƊAN-FAFA: Zan biya ka gobe.

NA-ROWA: Shi ma tsammani ne. Ka kira jikan Scoville.

MAI-TUKUNYA: Akwai wata fa a ɗaya tukunyar, ta abarba. Ita attarugunta ninki biyu ne. In kawo?

NA-ROWA: Har yanzu kyauta?

MAI-TUKUNYA: Kyauta.

NA-ROWA: To zuba masa, ni zan riƙe masa hula.