Fasfo ne ya jefa bam a Gaza?

Tun da jami'ar Trinity College da ke Dublin a ƙasar Ireland ta yanke hulɗa da jami'o'in Isra'ila a watan Yunin 2025 nake jin wata magana a bakin mutanenmu, wai ai wannan bai isa ba, kamata ya yi jami'o'in Turai su tattara duk ɗalibin da ke riƙe da fasfon Isra'ila su kora shi gida. Gaskiya maganar nan haushi take ba ni.

Abin da Trinity ta yi, wanda jami'ar Ghent ta Beljiyam ta riga ta yi tun Mayun 2024, tsakanin makaranta da makaranta ne, musayar ɗalibai da binciken haɗin gwiwa da kuɗaɗen da ke bin bayansu, kuma ni ina goyon baya ɗari bisa ɗari. A Maris ɗin 2022 ko sati biyu ba a yi da shigar Rasha Yukren ba ƙungiyar jami'o'in Turai ta dakatar da jami'o'in Rasha 12, amma a Gaza an tarwatsa jami'ar Al-Isra da nakiya a Janairun 2024 duniya tana kallon bidiyo, har yau wasu na ta nuƙu-nuƙu. Masu cewa kar a sa siyasa a harkar ilimi, ina bakinsu yake lokacin Rasha?

To amma ɗalibin fa, wane ne shi? Kusan ɗaya cikin biyar na 'yan ƙasar Isra'ila Larabawa ne, akasarinsu Musulmi, 'yan Nazarat da Ummul Faham da sauransu, kuma da yawansu Romaniya da Italiya suke zuwa karatun likita saboda samun gurbi a gida ba wasa ba ne. Wannan yaron Bafalasɗine ne, fasfonsa na Isra'ila ne, shi ma a kore shi kenan? Ko cikin Yahudawan akwai waɗanda suka ƙi aikin soja aka kulle su, akwai waɗanda gwamnatin Netanyahu ce ma ta ishe su suka ɗauki jaka. A Fabrairun 2024 wani ɗalibi a Balin ta Jamus ya yi wa ɗan jami'arsu Bayahude dukan kawo wuƙa har sai da aka kwantar da shi asibiti, kotu ta ɗaure wanda ya yi dukan. Me Gaza ta samu? Ko buhun fulawa ɗaya. Netanyahu dai ya samu abin nunawa.

Na san za a ce ai yawancinsu sun yi soja kafin su zo. Haka ne, dole ce a can ga yawancin Yahudawa. Wanda aka samu hujja a kansa a kai shi kotu mana, ai 'yan sandan Beljiyam sun yi wa sojojin Isra'ila biyu tambayoyi a Yulin 2025, ba aikin lakcara ba ne ko ɗan aji ya zama alƙali.

Kuma wallahi mu ne ya kamata mu fi kowa gane wannan. Umar Faruk Abdulmutallab a University College London ya yi digiri, bayan yunƙurinsa na tarwatsa jirgin saman Amurka da bam a Disambar 2009 Amurka ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ake wa binciken ƙwaƙwaf a filin jirgi, muka yi ta ihu an yi mana kuɗin goro. Da Ingila ta ce duk ɗalibin Najeriya ya haɗa kayansa fa?

Masu ƙarfin ihun nan su matsa wa jami'o'in su buɗe wa ɗaliban Gaza gurabe da sikolashif, su matsa wa gwamnatoci a ba su biza.