Iskar da nake bi a teku, ita nake tsoro a bayan gida

Duk shekara idan na sa hoton jiragen ruwan tseren Sidni zuwa Hobat a shafin nan, sai an samu mai yi mini tsiya. Bana Yayana ne ya fara. Ya ce: "Kai da ko kogin garinmu ba ka taɓa tsallakawa da iyo ba, me ya haɗa ka da wasan attajiran Turawa? Kuma an ce ƙasar taku ma wuta take ci." Na yi dariya, don rabin maganar tasa gaskiya ce. Ɗaya rabin ne ya sa na zauna rubutun nan, mai haƙurin karatu ya biyo ni.

Ga wanda bai sani ba, a Ostireliya watan Disamba tsakiyar bazara ne. Lokacin da ku a gida kuke fama da hunturu da kaushi, mu nan zafi ke neman narkar da kwalta. Ranar 26 ga Disamba, da ƙarfe ɗaya na rana, wato ƙarfe ukun dare a Kano, ake sakin jiragen ruwa masu tafiya da iska daga mashigin ruwan Sidni. Su nausa kudu, su bi gaɓar jihar New South Wales, su ratsa bakin mashigin Bass, su gangara gefen tsibirin Tasmaniya, su shiga kogin Derwent har Hobat. Tafiyar mil 628 ce ta lissafin teku, kusan kilomita 1,170, ba a kunna inji, ba a tsayawa kwana. An fara a 1945 da jirage tara kacal, wani ƙaramin jirgi mai suna Rani ya lashe. Mafi saurin da aka taɓa yi shi ne na jirgin Comanche a 2017: kwana ɗaya da awa 9 da minti 15. Ƙananan jirage kuwa sai su yi kwana huɗu, biyar, suna cin kwakwa a ruwa.

Cewa wasan masu kuɗi ne, ban musa ba. Manyan jiragen nan masu tsawon ƙafa 100, irin su Wild Oats XI da ya riga kowa isa sau tara, kuɗin ƙyallen kama iskarsu kaɗai ya isa ya gina wa mutum gida. Amma wanda ya riga isa ba shi ne ainihin zakara ba. Akwai kofin Tattersall, wanda ake bayarwa bayan an yi lissafin girma da ƙirar kowane jirgi, kuma shi matuƙan gaske ke kwaɗayi. Yawancin jiragen tseren ma ba na hamshaƙai ba ne, na mutane ne da ke haɗa kuɗi su ɗauki hutu daga wurin aiki su je su yi amai a teku don son ransu. Ni dai ko jirgin fito ba ni da shi. Abin da nake da shi waya ce, da taswirar da ke nuna kowane jirgi kamar ɗan ɗigo yana rarrafe zuwa kudu.

A wayar nan, kusa da taswirar jirage, akwai wata manhajar ta hukumar kashe gobarar daji ta jiharmu. Ita ma taswira ce, ita ma ɗige-ɗige ne, sai dai kowane ɗigo wuta ce. Muna zaune ne a gindin tsaunukan Blue Mountains, yamma da Sidni, kuma daga katangar bayan gidanmu zuwa daji bai kai jifa biyu ba. Dajin kuma na bishiyar turare ne, irin wadda ake dasawa a gefen hanya da gandun daji a Arewa. Nan ne asalinta. Ganyenta mai ne zalla, ɓawonta kuma yana saɓulewa ya rataya kamar tsumma, idan ya kama wuta iska ta ɗauke shi ta kai shi kilomitoci gaba. Shi ya sa yawancin gidajen da ke ƙonewa a nan ba harshen wutar ne ke cin su ba, garwashi ne ke faɗowa daga sama ya shiga indararo mai cike da busasshen ganye, ko ya kutsa ta ƙarƙashin rufi.

Taswirorin nan biyu iska ɗaya ce ke juya su, kuma wannan na fahimta ne ta hanyar tseren, ba ta hanyar gobara ba.

A ranar da ake tsoro, iska na tasowa daga arewa maso yamma, daga tsakiyar ƙasar inda hamada take, da zafi kamar an buɗe bakin tanda. Ita ke tura wuta ta yi tsawo ta yi siriri kamar yatsa. Can da yamma ko da dare sai iskar kudu ta faɗo ba sallama, mai sanyi, mai ƙarfi, cikin 'yan mintuna zafin ya sauka. Baƙo zai ce alhamdulillahi, an samu sauƙi. Ɗan gari kuwa a lokacin cikinsa ke ɗurar ruwa, domin iskar ta juya wutar, dogon gefen nan na yatsa shi ya koma goshi, mai faɗin kilomitoci, ya nufi mutanen da ɗazu suke ganin wutar ta wuce su. A gobarar 7 ga Fabrairun 2009 a jihar Victoria, inda mutum 173 suka rasu, da yawansu bayan juyawar iskar ne wutar ta cim musu. Wannan iskar kudun dai ita ce ke dukan jiragen tsere a hanci, ta tada igiyar ruwa, ta karya turakun ƙyalle. Matuƙi da ɗan kwana-kwana hasashen yanayi ɗaya suke karantawa, tambaya ɗaya suke yi: ƙarfe nawa za ta juya?

A 1998 guguwa ta riski tseren a bakin mashigin Bass. Jirage 115 suka tashi, 44 suka isa. Biyar suka nutse, aka ceto mutum 55, yawancinsu da jirage masu saukar ungulu, mutum shida suka rasu. Bayan binciken da aka yi, cikin dokokin da aka tsaurara akwai guda da ta tsaya mini a rai. Idan jirgi ya kai daidai wani tsini da ake kira Green Cape, kafin ya shiga mashigin, dole kyaftin ya kira ta rediyo ya shaida cewa ya ji hasashen yanayi, jirginsa lafiya, mutanensa lafiya, zai iya ci gaba. In ba haka ba, ya juya ya shiga tashar garin Eden. Kuma duk shekara ana juyawa. Mutumin da ya shekara yana shiri, ya kashe abin da ya kashe, sai ka ga ɗigonsa a taswira ya karkata zuwa gaɓa. Ba wanda ke kiransa matsoraci. Da aka sake rasa mutum biyu a daren farko na tseren 2024, karon farko tun 1998, na ga yadda jirage suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya, ban kuma ji wani mai hankali ya zarge su ba.

Ni kuwa a Disambar 2019 na kasa yin abin da kyaftin ɗin nan ke yi.

Wanda ya zauna a nan a wannan bazarar ba zai manta ba. Tsawa ta kunna wuta a dajin Wollemi a ƙarshen Oktoba, wutar da aka sa wa suna Gospers Mountain, ta ci fiye da hekta dubu 500 ita kaɗai. Ranar 10 ga Disamba hayaƙi ya rufe Sidni har aka dakatar da jiragen fito, ƙararrawar gobara ta riƙa tashi da kanta a ofisoshi, aka kuma soke ɗan tseren share fage na manyan jirage don matuƙa ba sa ganin gabansu. Da farko na riƙa ce wa mutane ai ni ɗan hazo ne, na saba. Ƙarya nake. Hazon hunturu ƙura ce, yana busar da leɓe ya bar ka. Wannan yana shiga ƙirji ya zauna, shanya ta yi warin ƙauri, rana ta koma ja kamar gauta, kana iya kallonta ido da ido. Ƙaramar 'yarmu ta kwana biyu tana tari, muka toshe ƙasan ƙofofi da jiƙaƙƙen tawul, takunkumin da ke tace hayaƙi kuma ya ƙare a shaguna.

Ranar Asabar 21 ga wata aka sa yankinmu a matakin haɗari na ƙarshe, wanda ma'anarsa a taƙaice ita ce: gidanka ba a gina shi don irin wannan wutar ba, ka tafi tun da wuri. Tun daren Juma'a uwargida ta haɗa jaka, fasfo, takardun makaranta, magunguna, Alƙur'anin da mahaifinta ya ba ta. Da asuba ta ce, "Baban yara, mu tafi." Na ce su yi gaba, zan biyo su. Ta dube ni ta ce, "Ka tsaya ka yi me?" Na nuna mata tiyo. Tiyon ban-ruwan fulawa, jama'a. Ba ta ƙara magana ba, ta sa yara a mota.

Wajen azahar ganye suka fara faɗowa a tsakar gida, baƙaƙe ƙirin, cikakku da siffarsu, ka ɗauka su ruguje a hannunka. Na taɓa ɗaya na ji da ɗumi. Ina kan tsani ina kwashe shara daga indararo, aikin da ya kamata in yi tun Satumba, sai maƙwabciyarmu ta tsaya da mota. Dattijuwa ce, ta haura sittin, 'yar sa-kai a rundunar kashe gobarar daji, fuskarta duk toka, ta dawo ɗaukar wani abu za ta koma. Ba ta yi mini faɗa ba. Tambaya uku ta yi. Idan aka ɗauke lantarki, famfonka zai kawo ruwa? Idan hanya ɗayar nan ta toshe, ta ina za ka fita? Ka san ƙarfe nawa iska za ta juya? Ta ukun ce kaɗai na san amsarta, kuma na sani ne don ina duba hasashen saboda tseren da za a yi bayan kwana biyar. Na sauko na kulle gida na tafi, kunya na cina.

Wutar ba ta zo unguwarmu ba. A ranar ta ci gidaje a wasu garuruwan tsaunin da kudu maso yammacin Sidni, mu Allah ya tsare. Kuma a nan haɗarin yake, don da na zauna har dare da na fito ina bugun ƙirji, na kuma zauna a karo na gaba. Na san masu irin wannan labarin da yawa.

Da na kira Hajiya na ba ta labari, cewa ta yi, "Ai abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa." Na ce haka ne, Hajiya. Sai ta ƙara da cewa, "Amma wanda ya ce maka tsayawa gaban wuta da tiyo tawakkali ne, bai yi maka karatu ba. Ka bi matarka." Mu Hausawa muna da wannan ciwon, ni na fara da kaina: namiji ba ya gudu ya bar gida. Wutar dajin da na sani ina yaro ta masu farautar gafiya ce bayan kaka, a taru da ɗanyen reshe a buge ta. Da wannan ma'aunin na zo ƙasar da wuta ke haɗa nata hadarin a sama, har ta yi tsawa ta kunna wata wutar a gaba.

An yi tseren a 2019, karo na 75, Comanche ya riga isa, Ichi Ban ya ɗauki kofin. Na kalla, ban kuma ji na yi laifi ba, ko da yake an yi ta cece-ku-ce a lokacin kan shagulgula, musamman wasan wutar sabuwar shekara a Sidni da hutun da firaministan lokacin, Scott Morrison, ya tafi Hawai ƙasa na ci. Abin da ya girgiza ni ya zo bayan kwanaki. Ranar 31 ga Disamba mutum kusan 4,000 suka tsere bakin teku a garin Mallacoota na jihar Victoria, sama ta yi baƙi da safe, sai sojan ruwa ne suka kwashe da yawa daga cikinsu daga baya. A farkon Janairu kuma, ranar da zafi a Penrith, yammacin Sidni, ya kai digiri 48.9, wuta ta tunkari Eden, garin da jiragen da suka janye ke fakewa, wasu mutanen garin suka koma kan gadar tashar da cikin jirage. Kafin ruwan Fabrairu ya kashe wutar, mutum 33 sun rasu a cikinta, gidaje sama da 3,000 sun ƙone, hayaƙin kuma ya kai har New Zealand da Kudancin Amurka.

Tun daga nan muka sa wa gidanmu nasa Green Cape. Mun rubuta a takarda mun manna a jikin firji: idan aka ce gobe matakin ƙarshe ne, muna tafiya daren yau, ba shawara, ba jiran ganin hayaƙi. Mun rubuta gidan da za mu je da hanyoyi biyu na zuwa. Mun yanke shawarar ne a watan sanyi, da shayi a hannu, don na ga da idona cewa kaina ba ya aiki idan ganye mai ɗumi na faɗowa. Sau ɗaya muka bi takardar, muka kwana a falon abokai, ba abin da ya faru, muka dawo washegari yara na mita. Ban ji haushi ba ko kaɗan.

Saboda haka Yaya, ranar 26 in Allah ya kai mu zan sake sa hoton jiragen, ka shirya tsiyarka. Indararo na kwashe shi tun Satumba, jakar na bakin ƙofa, tankin mota a cike. Tiyon kuma yana nan, fulawa yake shayarwa.