Na mutu sau biyu a ɗakin jarrabawa

Takardar shaidar ma'aikacin agajin gaggawa ba ruwanta da daɗewarka a aiki, kwanan wata kawai ta sani. Tawa ta ƙare lokacin da aka mayar da ni ofis ina tsara wa direbobi jadawali. Da na nemi komawa motar ɗaukar marasa lafiya, aka ce sai na sake kwas, na sake jarrabawar aiki da hannu, har da ta farfaɗo da zuciya da numfashi, wadda ita ma shekara 2 take yi ta ƙare.

Na shiga aji ina hura hanci. Malamar kuwa yarinya ce da ni na koya mata ɗaurin bandeji. Ta gaishe ni da ladabi, sannan ta nuna wani mutum-mutumin roba kwance a ƙasa, ba hannu ba ƙafa, ta ce, "Baba, ga mara lafiyarka."

Na zube a kansa zan fara aiki, sai ta ɗaga biro.

"Baba, Allah ya jiƙanka."

"Ni ko shi?"

"Kai. Ba ka duba ko akwai haɗari a wurin ba. Ga wayar lantarki a gefensa."

Na waiga, babu waya babu dalilinta. Ta ce a jarrabawa, abin da ba ka faɗa da baki ba, ba ka yi shi ba. Na tashi daga matattu, na sanar da bango cewa na sa safar hannu kuma babu haɗari.

Sai danna ƙirji. Kaina ya san tun 2005 aka koma danna 30, hura numfashi 2, kuma tun 2010 da dannawa ake farawa kafin a buɗe hanyar iska. Hannuwana kuwa suna nan a zamanin da. Ina kaiwa 15 suka tsaya da kansu, na sunkuya zan hura.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne robar. A da kurma ce, kome ka yi mata sai ta rufa maka asiri. Ta yanzu 'yar gulma ce, an haɗa ta da kwamfuta. Ana son danna 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, kuma ka bar ƙirjin ya dawo kafin ka sake dannawa. Na yi sauri ta kai ƙara, na rage ta kai ƙara, na ɗan jingina a kanta don in huta, allon ya yi ja a gaban yaran da na haifi wasunsu. Mutanen gaske da na danna wa ƙirji, ko ɗaya bai taɓa ba ni maki ba.

Da aka zo kan na'urar da ke ba zuciya shokin, na manna faifan biyu daidai, na daka tsawa, "Kowa ya matsa!" Kowa ya matsa har bakin ƙofa. Gwiwata ce kaɗai ta ƙi, tana manne da haƙarƙarin robar.

"Baba," in ji malama, "ta'aziyya ta biyu."

A zagaye na gaba na ci, allon ya yi kore. Amma da na zo miƙewa, ƙugu ya ce bai san zancen ba. Malama ta dubi ɗalibanta ta ce dama darasin gaba shi ne ɗaga mara lafiya daga ƙasa. Huɗu suka kewaye ni, ɗaya ya fara sanar da cewa babu haɗari a wurin, ita kuma ta buɗe sabon shafi tana ba su maki.