Ranar da na kama ƙaguwa a kogin Wear

Jama'a baki shi ke yanka wuya, ni dai nawa bai yanka wuya ba amma ya jefa ni ruwa a Ingila, ruwan ma na watan Nuwamba.

Wata biyu kenan da zuwana karatu Durham, kaɗaici ya ishe ni, daga aji sai ɗaki sai Indomie. Rannan ina yawo bakin kogi sai naga takarda manne jikin wani sito wai kulob ɗin tseren kwale-kwale na neman sabbin membobi, ba sai ka iya ba. Na leƙa. Wata tsohuwa mai furfura tana ta dirzar jirgi da soso, na ɗauka mai shara ce, ta tambaye ni ko na taɓa tuƙi, maimakon ince a'a in huta sai naji bakina yace ai ni ɗan Yawuri ne, kogin Kwara a bayan gidanmu yake, mu ke da Rigata, bikin tseren jiragen ruwa. Kuma duk gaskiya ne fa. Abinda ban faɗa mata ba shine ni a Rigata ɗan kallo ne, kan tudu nake tsayawa da rake a hannu, in kuwa tsallake ya kama ni tsakiyar jirgi nake ƙudundunewa in rufe ido ina jero duk addu'ar da na iya.

Ashe tsohuwar nan ita ce koci, nas ce da tayi ritaya. Iya nake ce mata. A kulob ɗin nan babu mai karɓar ko sisi, ma'ajinmu mai gyaran famfo ne kuma yadda yake bin kuɗin wata ko uwar adashi albarka, sakatare direban bas, mai gyaran jirage wani dattijo ne da baya magana da kowa sai da jiragen. Kowa da ranar sharansa da ranar dafa shayinsa, an rubuta an liƙa a bango, ko farfesa ne kai sai ka wanke kofi.

Kafin a barka ka hau ruwa sai kayi iyo na mita 50 da kaya a jikinka. Nayi, amma inaga rabin ruwan wurin a cikina na tafi dashi gida. Sai sati uku kan injin tuƙi na tudu, nan kam na burge, tunda inji baya kifewa.

Ranar Asabar ƙarfe 7 na safe aka ce yau sai ruwa. Sanyi kamar ana yanka kunne da reza. Muka ɗauko jirgin a kafaɗa, na mutum huɗu ne, dogo ya kai mita 13 amma siriri kamar an tsaga gora, faɗinsa da ƙyar ya ɗauki mazaunai na. Kujerar tayoyi gareta tana gaba tana baya, takalma kuma a kafe suke jikin jirgin kai dai ka zura ƙafa, filafilin ya kusa ninka tsawona biyu. Babban abin da ya ɗaure min kai, baya ake ba inda za'a. Mu a Kwara mutum yana kallon gabansa yake tuƙi, su kuwa ƙattai huɗu sun juya wa hanya ƙeya, mutum ɗaya ne ke ganin gaba, mai sitiyari, kuma tamu yarinya ce da bata wuce sa'ar autarmu ba, an maƙala mata makirfo tana ta daka mana tsawa kamar sajan.

Da farko lafiya lau, har na fara tsara yadda zan ba Kawu labari a waya. Muka doso gadar Elvet, tsohuwar gadar dutse da ta haura shekara 800, bakanta matsattse ne dole a nutsu a wurin, ga mutane tsaye a sama suna kallo. To ganin mutanen nan ne ya cuce ni, nace bari in nuna musu jinin Yawuri, na ƙara ƙarfi na tsoma filafili a karkace. Ruwa ya cafke shi gam. Jirgi na gudu, filafili ya ƙi fita, sai mariƙin ya dawo ya zabga min a ciki ya ɗaga ni sama, da yake ban ɗaure takalman da kyau ba sai gani tsundum.

Wallahi sanyin nan bashi da suna. Na ɗago ina salati naji dukkansu suna ihu da turanci, ƙaguwa! ƙaguwa! Nace shikenan ga sanyi ga ƙaguwa, na dinga harbe-harbe ina kare ƙafafuna ina tambaya tana ina, tana ina. Ashe haka suke kiran wannan kuskuren, in filafili ya maƙale a ruwa wai ka kama ƙaguwa. Iya ta iso a ƙaramin jirginta mai inji ta jawo ni ta ƙeyar riga kamar ɗan akuya, ta naɗe ni cikin wani bargo mai ƙyalli irin wanda ake gasa kaza a ciki, bata ko yi murmushi ba tace, haka kukeyi a Rigata?

Na ɗauka magana ta wuce. Ina! Ƙarshen wata takardar labaran kulob ta fito, wadda sakatare ke turo wa kowa ta imel kuma a liƙa kusa da butar shayi. Sama labarin rufin sito dake yoyo, ƙasa cigiyar fulas ɗin wani, tsakiya kuwa hotona ne cikin bargon kaza, wani daga kan gada ya ɗauka, an rubuta gwaninmu na kogin Kwara ya gwada zurfin Wear.

Kuma wai al'adarsu duk wanda ya faɗa ruwa shi zai kawo kek. Ni ina na iya kek, na jiƙa wake na soya ƙosai na haɗa da yaji. Minti goma babu ko ɗaya, dattijon da baya magana har hawaye yake saboda yaji amma ya ci bakwai, a ranar na fara jin muryarsa.

Da na kira Kawu sai da ya ajiye wayar yayi dariya ya ƙoshi sannan yace, ɗan nan ka bar Kwara guda kaje ka nutse a rafi?

Yanzu ana shirin babban tseren Durham na watan Yuni, wanda ake yi tun 1834, ya girmi shahararren tseren kwale-kwale na garin Henley ma da shekara biyar. Jiya aka liƙa sunaye na duba jirgi na ɗaya babu ni, na biyu babu ni, sai can ƙasa na hango sunana a rumfar shayi, ma'aji ya rubuta da jan biro, ƙosai 200, kuɗin na gyaran rufi ne.