Annabci baiwa ce, amma wa yake auna ta a coci-cocinmu?

Duk wanda ya bi ta Sabon Tasha a Kaduna ko Mararraba ta hanyar Abuja a ƙarshen shekara ya san abin da nake nufi, fostoci ne ko ina, jikin gada, jikin katanga, har turken wuta, kowanne da hoton bawan Allah riƙe da makirfo, wai a zo daren 31 ga Disamba a ji abin da Ubangiji ya faɗa kan sabuwar shekara. Kafin gari ya waye bidiyoyi sun cika Facebook da WhatsApp, gwamna kaza zai faɗi, wani babban sarki zai rasu, naira za ta farfaɗo. Mu yi ta tura wa juna muna amin amin. Disamba ya sake zagayowa kuma babu wanda zai koma ya duba guda nawa ne suka cika.

Ni Kirista ne kuma na yarda da baiwar annabci, bari in fara da wannan don kar wani ya ɗauka ba'a na zo yi. Ga 'yan'uwa Musulmi masu karanta wannan shafi kuma, in Kirista ya ce annabci ba wai yana nufin wani ya zo da sabon littafi ko sabon addini ba ne, Littafi Mai Tsarki ya riga ya kammala, ba a ƙara masa. Baiwa ce cikin baye-bayen Ruhu Mai Tsarki da Manzo Bulus ya lissafa a 1 Korantiyawa sura 12, tare da warkarwa da harsuna da sauransu. A sura 14 ya faɗi amfaninta ƙarara: ginawa, ƙarfafawa, da ta'aziyya. Sai kuma aya ta 29 wadda kusan mun daina karantawa, inda ya ce mutum biyu ko uku su yi magana, sauran kuma su auna abin da aka faɗa. Sauran nan fa mu ne masu zama a benci. To yau wa ke aunawa? Ka ɗan ɗaga gira kawai sai a jefo maka ayar nan ta Zabura 105, kar ka taɓa shafaffu na, shi kenan kowa ya ja bakinsa ya yi shiru.

Ku duba labarin wani mai annabci, Agabas, a Ayyukan Manzanni sura 11, ni dai shi ne ma'aunina. Ya zo Antakiya daga Urushalima ya ce babbar yunwa na tafe, kuma ta zo a zamanin Kaisar Kalaudiyas. Me masu bi suka yi? Kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa, aka damƙa wa Barnaba da Shawulu, wato Bulus, suka kai wa 'yan'uwa a Yahudiya. Kuɗin sun tafi wurin masu jin yunwa, ba mu karanta cewa ko anini ya shiga aljihun Agabas ba. A sura 21 ma shi ɗin ne ya sami Bulus a Kaisariya gidan Filibus, mutumin nan mai 'ya'ya mata huɗu masu annabci, ya ɗauki ɗamarar Bulus ya ɗaure kansa hannu da ƙafa ya ce haka za a yi wa mai ɗamarar nan a Urushalima. Jama'a suka yi ta kuka suna roƙon Bulus kar ya je, ya ji, ya auna, ya kama hanya ya tafi abinsa. Kun ga annabcin bai ƙwace masa shawara ba. Amma yanzu sai ka ji an ce wa yarinya wannan saurayin ba mijinki ba ne, a fasa aure bayan an kai kaya, ko a ce wa mai hawan jini ya zubar da magani an riga an warkar da shi.

Kuma in maganar bata cika ba fa? Maimaitawar Shari'a 18:22 bata ɓoye komai ba, ta ce in mutum ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, to ba Ubangiji ne ya faɗa ba, kar a ji tsoronsa. Marigayi T.B. Joshua, shahararren mai wa'azin nan na Legas, ya ce mace ce za ta ci zaɓen Amurka na 2016, Trump ya ci. A 2020 ya ce korona za ta ɓace kafin 27 ga Maris, duk mun san watanni nawa muka yi a kulle bayan nan. Ba don in ci mutuncin mamaci na kawo wannan ba, hukuncinsa na wurin Allah, abin da ke damuna shi ne mabiya da ke saurin nemo fassara, wai ai a ruhaniya ya cika. A Amurka kuwa da masu annabci da yawa suka ce Trump zai zarce a 2020 bai zarce ba, wani mai suna Jeremiah Johnson ya fito a Janairun 2021 ya ce na yi kuskure ku yafe mini, kuma abin baƙin ciki Kiristoci ne suka fi zaginsa kan neman gafarar. Wato mu da kanmu mun fi son a ci gaba da ruɗinmu da a gaya mana gaskiya. Annabcin zaɓe ma ai lissafi ne mai sauƙi, in manyan 'yan takara biyu ne, masu annabci goma suka rabu gida biyu biyar-biyar, dole biyar su dace.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne zancen maita. A unguwarmu akwai wata gwauruwa da ta yi ta sayar da ƙosai har ɗanta ya gama jami'a, yaro ya shekara uku ba aiki, sai aka kai shi wani taron addu'ar dare, baƙon mai wa'azi ya nuna shi cikin jama'a ya ce akwai wata tsohuwa a gidanku da ta ɗaure maka tauraro. Tsohuwa ɗaya ce tak a gidan. Yaron nan ya daina cin abincin uwarsa, ya daina gaishe ta, maƙwabta suka hana yaransu sayen ƙosanta. Mai wa'azi ya karɓi ambulan ɗinsa ya hau mota ya koma garinsu, bai ma san sunanta ba. Wace ginawa ce a nan, wace ta'aziyya? Irin wannan ne ya yi muni a Akwa Ibom har jihar ta yi doka a 2008 kan masu yi wa yara ƙazafin maita, kuma ƙarshen biyayya ido rufe shi ne dajin Shakahola na Kenya a 2023, inda aka tono gawarwaki sama da 400 na mabiyan wani mai wa'azi, Paul Mackenzie, da aka ce su yi azumi har su sadu da Yesu.

Batun kuɗi ba sai na ja ba. Annabi Elisha ya ƙi karɓar ko ƙwandala daga Na'aman bayan an warkar da shi daga kuturta, baran Elisha, Gehazi, da ya bi Na'aman a baya ya karɓa da kuturta ya ƙare. Duk wanda ya ce sai ka yi transfa, ko wai ka shuka iri, kafin ya gaya maka abin da Allah ya ce, kasuwanci yake yi.

Sai dai fa laifin ba na masu fostoci kaɗai ba ne. Ikilisiyoyinmu na Arewa da muka gada daga 'yan mishan da yawansu sun zaɓi su rufe ƙofar gaba ɗaya, wanda ya ce ya yi mafarki ko yana da saƙo sai a riƙa masa kallon ya fara taɓuwa. Alhali 1 Tasalonikawa 5 abu biyu ta haɗa a wuri guda, kar a raina annabci, a kuma gwada kome a riƙe mai kyau. Mun kasu biyu, wasu sun ɗauki rabin farko wasu rabin ƙarshe. Tarihi ma ya nuna rufe ƙofa baya hana ruwa gudu. Joseph Ayo Babalola ɗan Angilikan ne, direban motar daddaɓe titi, da cocinsa ta kasa ɗaukarsa sai ga babbar farkawar addini ta 1930 a garin Ilesa na ƙasar Yarbawa, dubban mutane suka bi shi, daga nan ne Christ Apostolic Church ta samo tushe. Mutanenmu kuwa a Filato da Kudancin Kaduna da Borno da Adamawa sun sha wuya, an ƙona ƙauyuka, an sace 'ya'ya, mutum yana son ya ji ko Allah na sane da shi. In bai ji a cocinsa ran Lahadi ba zai je ya nema ran Talata da dare a wani ɗakin kwano, kuma can babu dattijo ko ɗaya da zai auna.

A Ghana 'yan sanda ne suka fito a Disamban 2021 suka gargaɗi fastoci kan annabcin mutuwa da bala'i mai tsorata jama'a a daren shiga sabuwar shekara. Na fahimci dalilinsu amma ban so a ce ɗan sanda ne ke yi mana aikin da Bulus ya ba ikilisiya ba. Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin kowace majalisar dattawa ba. Mai saƙo a ba shi dama, amma in maganar ta shafi mutuwa ko aure ko ciwo ko zargin wani, ta fara bi ta wurin fasto da dattawa kafin ta hau makirfo. Sakatare ya rubuta ta da kwanan wata kamar yadda yake rubuta kuɗin baiko, in lokaci ya wuce bata cika ba, mai ita ya tsaya gaban jama'ar da ya faɗa wa ya ce na yi kuskure, mu kuma mu karɓe shi hannu biyu.

Na ce na yarda da baiwar nan, ga dalili. Shekarar da mahaifinmu ke kwance asibiti ni da yayana mun yi wata biyar bama magana kan gona, ba wanda ya sani a coci don a wani gari yake zaune. Wata Mama 'yar zumuntar mata ta tare ni bayan sujada, ta ja ni gefe ƙarƙashin bishiyar darbejiya ta ce ɗana, kwana uku ke nan in na durƙusa addu'a kai nake gani, ban sani ba ko daga Ubangiji ne, kai ka auna, amma akwai ɗan'uwanka da ya kamata ka nema tun babanku na da rai. Na kira shi a daren, mun tsaya tare a bakin gadon Baba kwana tara kafin ya cika. Da na koma yi mata godiya na miƙa mata kuɗin mota, ta mayar mini da hannuna ta ce in saya wa yara biredi.