Ba taurin kai ba ne, rauni ne a ƙwaƙwalwa

Na gode da wannan rahoto kan yadda ma'aikatan jin daɗin jama'a ke tallafa wa iyalan yaran da giya ta yi wa illa tun suna ciki. Inda kuka ce yawancinsu ba a gane su a fuska, wallahi haka yake. Tun 1973 da likitoci Kenneth Jones da David Smith suka sanya wa larurar suna a Amurka, hankalin mutane ya fi karkata ga siririn leɓen sama da ƙananan idanu, alhali babban raunin a ƙwaƙwalwa yake.

Ina riƙon yaro ɗan shekara 8 mai wannan larura. Sai in ce ya wanke hannu, ya ɗauko jaka, ya sa takalmi, in tarar da shi a bakin ƙofa riƙe da takalmi ƙafa ɗaya, sauran duk sun ɓace masa. Na sha yi masa faɗa, Allah ya yafe mini. Ma'aikaciyar da ke zuwa mana ce ta koya mini ba shi umarni ɗaya tak a lokaci guda. Ta manna hotunan aikin safe a bango, ta kuma je ta zauna da malaminsa.

Amma kun tsallake uwaye. Da yawa sun sha ne kafin su san suna da juna biyu, kuma matar da aka tsangwama ba za ta taɓa faɗa wa likita gaskiya ba. Don Allah ku koma ku ji ta bakinsu.